Kuɗi Daga Gwamnati: Wanne Ake Biya Wa Haraji, Wanne Ba A Biya?

A gidaje da yawa a Takur da Fagoji da Limawa, haka nan a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, idan wayar Baba ko ta Kaka ta yi ƙara a ƙarshen wata, ɗan sakandaren gidan ake ƙwala wa kira. “Zo ka duba mini, nawa suka sa?” Ku ne masu karanta alat, ku ne masu duba takardar albashi, wani lokaci ma ku ake tura wa mai POS. Don haka kun riga kun san cewa kuɗi na shigowa gida daga hannun gwamnati ta hanyoyi daban-daban: albashin Baba, fanshon Kaka, rancen karatun Yaya da ke jami'a, tallafin da aka ba Inna, ko kuɗin kwangilar da Kawu ya yi wa wata ma'aikata.

A waya duk kamarsu ɗaya, lambobi ne kawai. A wurin dokar haraji kuwa kowanne da hukuncinsa. Wani ana biya masa haraji, wani an yafe, wani kuma tun asali bai shiga cikin abin da ake kira samu ba. Gidan da bai san wannan bambanci ba zai iya biyan abin da bai kamata ya biya ba, ko ya bar haƙƙinsa a hannun hukuma, ko kuma ya jawo wa kansa tara. Wannan makon za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don ku ne za ku yi wa na gida bayani.

Daga harajin dā zuwa na yanzu

Ku tambayi kakanninku labarin haraji da jangali. Za su gaya muku yadda dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida suna karɓar kuɗin da aka yanka wa kowane baligi namiji, da yadda ake ƙirga shanun makiyayi a karɓi jangali. Mutum kan adana rasit ɗinsa kamar laya, domin ana iya tare shi a hanya ko a kasuwa a ce ya nuna. A shekarar 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano. A lokacin Dutse da Hadeja da Gumel da Kazaure da Ringim duk suna cikin Kano, domin sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Wancan haraji bai cika damuwa da ko mutum ya samu ko bai samu ba. Na yanzu kuwa a kan samu yake: mai samu da yawa ya biya da yawa, mai ɗan kaɗan ya biya kaɗan, wanda samunsa bai kai wani mizani ba kuma ba ya biyan ko kwabo. To ta yaya hukuma za ta san samun mutum? A nan ne takardar bayyana kuɗin shiga ta shigo.

Mece ce wannan takarda?

Takarda ce da mai samun kuɗi ke cikewa sau ɗaya a shekara, ya faɗi abin da ya samu a shekarar da ta wuce da inda ya samo shi, ya faɗi abubuwan da doka ta yarda a cire masa kafin a yi lissafi, sannan ya nuna harajin da aka riga aka cire masa. Ranar 31 ga Maris ce ranar ƙarshe ta miƙa ta. Ma'aikatu da kamfanoni kuma suna da tasu takardar game da ma'aikatansu, wadda suke miƙawa kafin ƙarshen Janairu.

Harajin samun mutum na jihar da yake zaune ne. Malamin da ke koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Dutse ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne, amma tunda a Dutse yake zaune, harajinsa na Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Jigawa ne. 'Yan rukunai kaɗan ne, kamar 'yan sanda, nasu ke hannun hukumar tarayya.

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, kuma sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Hukumar tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS. Abin da ya fi shafar gidajenmu shi ne sabon ma'aunin: Naira dubu 800 na farko a samun mutum na shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin 100. Daga nan kason ya riƙa hawa, 18, 21, 23, har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura Naira miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato Naira dubu 70 a wata, an yafe masa gaba ɗaya. Wanda kuma ya kamata ya miƙa takardarsa ya ƙi, dokar ta tanadi tarar Naira dubu 100 a watan farko da dubu 50 a kowane wata da ya biyo baya.

Ɗalibin da ba shi da sana'a ba shi da abin da zai bayyana. Amma lambar NIN da kuke yi domin jarrabawar JAMB ita ce za ta zama lambarku ta haraji ranar da kuka fara samu, don haka ku kula da ita.

Tambaya ɗaya: me ya sa aka ba ka?

Kafin a san hukuncin kowane kuɗi da ya fito daga gwamnati, sai a tambayi dalilin bayar da shi.

Albashi da alawus: Ladan aiki ne, saboda haka samu ne, ana biya musu haraji. Ma'aikaci ba ya ɗaukar kuɗi ya kai ofishin haraji da kansa. Ma'aikatarsa ce ke cirewa kowane wata kafin albashi ya shiga asusunsa, a tsarin da ake kira PAYE, ta miƙa wa hukuma kafin 10 ga watan da ke biye. Ku duba takardar albashin Baba za ku ga layin. Duk da haka ana buƙatar ya cike tasa takardar ta shekara, musamman idan yana da shago ko gidan haya ban da aikin gwamnati, domin ma'aikatarsa albashi kawai ta sani.

Fansho da giratuti: Haƙƙin wanda ya gama aiki ne, kuma waɗanda aka biya bisa dokar fansho an yafe musu haraji. Sai dai idan Kaka ya sa giratutinsa ya buɗe shago, ribar shagon samu ce sabuwa, za ta shiga lissafi.

Rance: Yayarku da ke jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha za ta iya karɓar rancen NELFUND, asusun da aka sa hannu a kan dokarsa a watan Afrilun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya kuma ba ɗalibi Naira dubu 20 a wata na kashewa, babu kuɗin ruwa, a fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Wannan bashi ne, bashi kuma bai zama samu ba, tunda za a mayar. Babu haraji a kansa.

Tallafi da kyauta: A watan Oktoban 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tallafin Naira dubu 25 a wata na tsawon wata uku ga gidaje marasa ƙarfi. Wanda ya samu bai yi wani aiki aka biya shi ba, agaji ne. Ko da ma an haɗa dukkansa, Naira dubu 75 ina, Naira dubu 800 ina? Kyautar da ɗan'uwa ya turo ma ba a biya mata haraji. Inda ake buƙatar kulawa shi ne tallafin da aka bayar domin sana'a ko kasuwanci. Irin wannan a rubuta shi a littafin sana'a, a adana takardarsa, a tambayi jami'in haraji yadda za a shigar da shi.

Kuɗin kwangila: Ciniki ne tsakanin ɗan kasuwa da gwamnati, kuma ribar da ke ciki samu ce. A nan mutane suka fi yin asara, za mu dawo kansa.

Mu ɗauko biro da takarda

A ce akwai wani malami a wata sakandare a Dutse, albashinsa Naira 150,000 a wata, wato Naira 1,800,000 a shekara. A ce abin da ake cire masa na fansho a shekara ya kama Naira 120,000. Yana zaune a gidan haya, yana biyan Naira 200,000 a shekara. Sabuwar doka ta ba ɗan haya sassaucin kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, muddin sassaucin bai wuce Naira dubu 500 ba. Kashi 20 na dubu 200 shi ne Naira 40,000.

Sai mu cire 120,000 da 40,000 daga 1,800,000, saura 1,640,000. Mu ware dubu 800 na farko da babu haraji a kansu, saura 840,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne Naira 126,000 a shekara, wato Naira 10,500 a wata.

To idan malamin bai taɓa sanar da cewa a gidan haya yake ba fa? Za a yi masa lissafi a kan 880,000, a cire masa Naira 132,000. Ya biya rarar Naira 6,000 ke nan. Wani zai ce ai dubu shida ba wani abu ba ne. Ku lissafa littattafan rubutu nawa za ta saya wa ƙannenku. Kuma babu wanda zai bi shi gida ya ce ga kuɗinka. Sai ya bayyana hayar, ya nuna rasit ɗin mai gida, sannan a gyara lissafin.

Labarin ɗan kwangila

Yanzu a ce Kawu ɗan kasuwa ne. An ba shi kwangilar kawo littattafan rubutu na Naira miliyan 3, ya je kasuwar Sabon Gari a Kano ya saro, ya kawo. Da aka tashi biyansa sai alat ya nuna Naira 2,940,000. Ina dubu 60 ta tafi?

Doka ta umarci ma'aikatun gwamnati su cire wani kaso tun daga tushe kafin su biya ɗan kwangila, su miƙa wa hukumar haraji da sunansa. A ƙa'idojin da suka fara aiki a watan Janairun 2025, kason mai kawo kayan da ya saro shi ne kashi 2 cikin 100. Kashi 2 na miliyan 3 kuwa dubu 60 ne. Don sauƙin lissafi mun ajiye sauran 'yan kuɗaɗen da akan cire a gefe.

Wannan dubu 60 ba ta ɓata ba. Kafin alƙalami ce ta harajin Kawu na shekarar, an ajiye masa ita a wurin hukuma. Idan shekara ta ƙare zai haɗa dukkan cinikinsa, na shago da na kwangila, ya cire kuɗin saro kaya da na mota da na hayar shago, abin da ya rage shi ne riba. A ce ribar ta kama Naira 1,100,000. A ware dubu 800, saura dubu 300, kashi 15 ɗinsu Naira 45,000. Harajinsa na shekara ke nan. An riga an karɓi dubu 60 a hannunsa. Saboda haka babu abin da hukuma ke bin sa, shi ne ma yake bin ta Naira 15,000.

Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Na farko, mutum ya rubuta abin da ya gani a alat, wato 2,940,000, a matsayin cinikinsa. Daidai shi ne ya rubuta miliyan 3 cif a wurin ciniki, ya rubuta dubu 60 a wurin harajin da aka riga aka biya. Na biyu, ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai nemi rasit ɗin abin da aka cire masa ba. Ranar lissafi kuwa takarda ce ke magana. Wanda ba shi da rasit zai iya sake biyan dubu 45 daga aljihunsa, alhali yana da dubu 60 a ajiye.

Idan an maido da rara

Doka ta amince a maido wa mutum rarar harajin da ya biya. Zai nema a rubuce, hukuma ta binciki takardunsa, idan ta tabbatar sai ta biya cikin kwana 90 daga yanke shawarar, ko a ajiye masa a cire daga harajinsa na gaba. Wanda yake ganin an yi masa ba daidai ba yana da damar ƙorafi, sababbin dokokin ma sun kafa ofishi na musamman mai sauraron koken masu biyan haraji.

Ga tambayar da za ku iya gwada malaminku na Tattalin Arziki da ita: idan an maido wa Kawu dubu 15 ɗinsa, shin sabon samu ne da zai biya wa haraji baɗi? A Najeriya amsar ita ce a'a. Kuɗinsa ne ya dawo, kamar canjin da mai shago ya miƙo maka bayan ka ba shi dubu ɗaya ka sayi kayan ɗari bakwai.

A Amurka kuwa amsar na iya zama e. Can mutum yakan biya harajin samu sau biyu, ɗaya ga gwamnatin tarayya, ɗaya ga jiharsa, a yawancin jihohi. Dokarsu ta ba shi zaɓin cire abin da ya biya wa jiha daga samunsa kafin a lissafa harajin tarayya. A ce ya nuna cewa ya biya wa jiha Dala 1,000, aka rage masa harajin tarayya saboda haka, daga baya jihar ta gano ya biya fiye da kima ta maido masa Dala 200. Ashe ainihin abin da ya biya 800 ne, ya ci sassaucin da ya fi haƙƙinsa. Don haka a shekara mai zuwa sai ya bayyana Dala 200 ɗin a matsayin samu. Wanda bai yi amfani da wancan zaɓi ba kuma babu ruwansa.

Saboda kada a manta, hukumomin gwamnati a Amurka na aika wa mutum wata takarda mai suna 1099-G a watan Janairu, ɗauke da irin waɗannan kuɗaɗe da suka biya shi a shekarar da ta wuce, kamar rarar harajin jiha da kuɗin da ake ba wanda ya rasa aiki. Suna aika kwafinta ga hukumar haraji ta tarayya, IRS. Idan mutum ya miƙa takardarsa a tsakiyar Afrilu bai sa kuɗin ba, kwamfuta za ta nuna giɓin. Mu a nan hukuma ɗaya mutum ke biya wa harajin samunsa, shi ya sa ba mu da wannan sarƙaƙiya. Amma yanzu da ake haɗa lambar NIN da lambar haraji, biyan da gwamnati ta yi wa mutum zai riƙa barin sawu a nan ma.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda aka ce za a maido da kuɗi, macuta na nan kusa. Saƙo zai shigo wayar Baba cewa an maido masa rarar haraji ko ya ci tallafi, ya danna wani adireshin intanet, ko ya turo lambar sirrin katinsa, ko lambobin da banki ya turo masa yanzu. Ku da kuke karanta saƙon ku ne masu gadin ƙofa. Babu hukumar haraji ko banki da ke neman lambar sirrin mutum. Kuma ba a maido wa wanda bai nema ba. Idan ana shakka, a je ofishin hukumar da ƙafa, a tambaya.

Haka nan jita-jitar da aka yi ta yaɗawa cewa duk kuɗin da ya shiga asusun banki za a cire masa haraji. Kun dai ga yadda abin yake: rance da kyauta da fansho duk ta banki suke shigowa, amma dalilin bayar da kuɗin ake dubawa.

Aikin gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ƙarshen Maris ya fara neman rasit ɗin Yunin bara zai sha wahala. Ku nemi babban ambulan ko fayil guda ɗaya, ku rubuta shekara a bayansa. Duk wata ku sa takardar albashin Baba a ciki. Rasit ɗin haya, takardar kwangila, rasit ɗin harajin da aka cire daga tushe, takardar rance, duk su shiga. Waɗanda suka zo ta waya ku ɗauki hotonsu ku adana. Ku ware shafi a tsohon littafin rubutu, ku ja layi huɗu: rana, nawa ne, daga ina, da dalili. Wannan layi na ƙarshe shi ne zai raba muku samu da bashi da kyauta.

Waɗannan takardu su ne kuma za su sauƙaƙa wa na gida samun takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna biyan shekara uku da suka wuce. Akan nemi ta wajen neman kwangilar gwamnati da wasu harkokin filaye.

Sannan ku gwada wannan lissafi, irinsa kan fito a jarrabawar WAEC da NECO. Wata ma'aikaciyar jinya a Jahun tana karɓar Naira 2,400,000 a shekara, ana cire mata Naira 160,000 na fansho, tana biyan hayar Naira 300,000. Nawa ne harajinta na shekara? Nawa za ta yi asara idan ba ta bayyana hayarta ba? Ku yi a aji tare da abokanku, ku kai wa malamin Lissafi ya duba, daga nan ku nemi izinin Baba ku gwada da takardar albashinsa.